Sunan Aro a Intanet: Mafaka Ko Maɓoyar Ƙarya?

Duk mai leƙa Facebook ya san yadda samarinmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suke shiga da sunayen da ba na yanka ba. Wani ya kira kansa "Ɗan Falgore", wata kuma "'Yar Tiga". Iyaye da dama a Ikilisiya suna ɗaukar wannan a matsayin rashin gaskiya. To, kafin a yanke hukunci, ya kamata a ji dalili.

Dalili na farko tsoro ne. A ƙauye kowa ya san gidan kowa. Mutumin da ya ga ɓarayin shanu a dajin Falgore, in ya faɗa da sunansa, ƙila su riga jami'an tsaro isa ƙofarsa. Haka nan ba a manta da Deborah Samuel ba, ɗalibar da aka kashe a Sakkwato ranar 12 ga Mayu, 2022, bayan wani saƙon murya a WhatsApp. Rhoda Jatau ta Bauchi kuwa ta yi wata 18 a tsare saboda bidiyon da ta tura, sai a 2024 kotu ta wanke ta.

Na biyu kunya ce. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ko matar da mijinta ke dukanta, za su fi sakin jiki su nemi shawara in ba a san su ba. Ko a Littafi Mai Tsarki, Esta ta ɓoye asalinta a fadar sarki bisa umarnin Mordekai, Nikodimu kuma da dare ya je wurin Yesu.

Amma fa akwai masu fakewa da sunan aro domin zagi, yaudarar 'yan mata, da hura wutar gaba tsakanin Kirista da Musulmi. Mutanen Tudun Wada sun ga abin da jita-jita ta jawo a rikicin Satumban 2007, lokacin da aka ƙone majami'u. Su kuma sani cewa tun Disamban 2020 gwamnati ta umarta a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, don haka ba wuya a gano mai shi.

'Yan'uwa, Esta ta ɓoye kanta ne na ɗan lokaci, da ranar ceton mutanenta ta zo sai ta fito fili. Kafin ka tura saƙo, tambayi kanka: zan iya maimaita shi a gaban makwabcina ranar kasuwa? In ba za ka iya ba don ƙarya ce, goge shi. Allah ya san sunanka na gaskiya.