Harshen Kasuwa da Harshen Aji

A kasuwar Sabon Gari ta Kano, ɗan kasuwar da ya zo daga kudu bai taɓa buɗe littafin nahawun Hausa ba, amma ciniki ba ya kuɓuce masa. In kalma ta ɓace masa, sai ya ɗaga kayan ya nuna, ko ya ce "abin nan da ake rufe kwalba da shi". Mace ma "ya zo" yake ce mata. Mai saye ya gane, an biya.

Ɗalibin aji kuwa jan biron malam yake tsoro. Zai fara magana, ya tsaya, ya gyara, wani lokacin ya haɗiye zancen gaba ɗaya. Abin tausayi ne, domin sau da yawa ya fi ɗan kasuwar sanin ƙa'ida.

Masana sun daɗe suna bibiyar wannan. A 1977 Elaine Tarone ta rarrabe dabarun da mai koyo yake fakewa da su, irin su kewaye, aro daga harshen uwa da neman taimako. A 2004 Barbara Lafford ta kwatanta Amurkawa masu koyon Sifaniyanci: wasu a aji a Colorado, wasu sun yi zango guda a Alicante ta ƙasar Sifaniya. Waɗanda suka zauna cikin masu harshen sun fi rage dogaro da waɗannan dabaru. A ganinta, hankalinsu ya koma kan isar da saƙo, na gida kuwa suna nan suna sauraron kurakuran bakinsu.