Lissafin da Ke Tsara Matakan Nasara a Wasan Poka

Poka wasan karta ne da ya girma a Amurka, inda ya bazu daga birnin New Orleans ta jiragen ruwan kogin Misisifi a ƙarni na 19. Caca ce, kuma hukuncin caca sananne ne a wurinmu. Sai dai dokar da ke tantance wanda ya ci wasan ta cancanci nazari, domin mutane da yawa na zaton wasu ne suka zauna suka tsara ta yadda suka ga dama. A haƙiƙa ƙa'ida guda ce ke tafiyar da ita, irin ta kasuwa: abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. Gwargwadon wahalar samun haɗin karta, gwargwadon matsayinsa.

Kwalin karta na ɗauke da kati 52, alamu huɗu, kowace alama da kati 13. Idan aka raba wa mutum biyar, akwai hanyoyi 2,598,960 da za su iya zuwa masa. Sama da rabinsu kaɗan, wato 1,302,540, ba su haɗa komai ba, sai dai a duba wa ya fi babban kati. Tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, suna zuwa ta hanya 1,098,240. Daga nan adadin ke rikitowa: tagwaye kashi biyu 123,552, 'yan uku 54,912, jere na lambobi biyar a bi da bi 10,200, biyar masu alama ɗaya 5,108, 'yan uku haɗe da tagwaye 3,744, 'yan huɗu 624. A can ƙoli akwai jeren da duk katinsa alama ɗaya ce, guda 40 kacal, kuma huɗu daga ciki su ne jeren sarauta, daga goma zuwa as. Wannan tsani na adadi shi ne tsarin matakan wasan, babu inda suka saɓa.

Inda sabon shiga ya fi yin gardama shi ne fifita alama ɗaya a kan jere. A ido, jera 5, 6, 7, 8, 9 ya fi kama da abin wuya. Amma a lissafa. Jere iri goma ne, kuma kowane kati cikin biyar ɗin yana iya zuwa da kowace alama daga huɗu, abin da ke ba da hanya 1,024 ga kowane jere, jimilla 10,240. Alama ɗaya kuwa dole a tsinto biyar daga kati 13, hanya 1,287 ke nan, sau huɗu 5,148. A cire guda 40 da suka haɗa siffofin biyu daga kowane ɓangare, sai a ga jere ya kusa ninka alama ɗaya wajen yawa. Ido ne ke ruɗuwa, ƙidayar ba ta da kuskure.

Wani zai ce ai dacewa ce, al'ada ce ta faɗo daidai da lissafi. Amsar tana cikin abin da ke faruwa idan aka sauya kwalin. Akwai nau'in poka da manyan 'yan wasa suka yayata a Asiya, inda ake zare duk katin 2 zuwa 5, a bar 36. A nan kowace alama kati tara gare ta, don haka biyar masu alama ɗaya sun ragu zuwa 480, yayin da 'yan uku haɗe da tagwaye suka tsaya a 1,728. Me 'yan wasan suka yi? Sun juya dokar, alama ɗaya ta hau sama. Haka ma a poka mai kati uku, jere ne ke cin alama ɗaya, domin a can shi ya fi wuya. Da al'ada ce zalla, da ba ta riƙa bin ƙidaya duk inda ta juya ba.

Suka mafi nauyi ta shafi Texas Hold'em, nau'in da ake buga babban wasan gasar duniya ta Las Vegas da shi, gasar da aka fara a 1970. A nan ɗan wasa na zaɓar biyar mafi kyau daga kati bakwai, kuma cikin ɗari kusan 44 na ƙarewa da tagwaye, kusan 23 da tagwaye kashi biyu, amma 17 ne kawai ke tashi hannu banza. To, me ya hana hannun banza cin tagwaye tunda ya fi ƙaranci? Dalili kuwa, abin da ake aunawa shi ne wahalar kaiwa wani mataki ko sama da shi. Kowa ya kai matakin ƙasa tun kafin a raba karta, alhali kusan 83 cikin ɗari ne ke kai tagwaye ko fiye, kuma kason na ci gaba da raguwa a kowane hawa. Tsanin bai karye ba.

Inda yake karyewa da gaske shi ne idan aka shigo da joka, katin da ke maye gurbin kowane kati. Duk mai tagwaye da joka zai kira su 'yan uku, sai adadinsu ya haura zuwa 137,280, ya zarce tagwaye kashi biyu. In an juya matsayin don gyara, mutanen nan sai su koma kiran hannunsu tagwaye kashi biyu, matsalar ta dawo ta ɗaya ɓangaren. Babu tsarin da zai daidaita, kuma a ganina wannan shi ne hujja mafi ƙarfi cewa dokar ta dogara ne kacokan a kan kwali mai kati 52 da babu joka a cikinsa. A irin wannan kwali, damar a raba maka jeren sarauta da ake yawan nunawa a fina-finai ita ce 1 cikin 649,740.