Komawa Baya da Baƙin Jarumai: Abin da Ke Raba Kan Masu Kallon The Flash

Shirye-shiryen jarumai masu baiwar ƙarfi da tashar CW ta Amurka ta nuna sun dogara da dabaru biyu wajen riƙe masu kallo. Ta farko ita ce mai da jarumi zamanin da ya wuce domin ya sauya abin da ya faru, ta biyu kuma kawo jarumin wani shiri ya yi baƙunci. Shirin The Flash, wanda aka nuna daga 2014 zuwa 2023, yana cikin waɗanda suka fi amfani da su. Shi kansa jarumin, Barry Allen, wanda Grant Gustin ya fito a matsayinsa, baƙo ne a shirin Arrow a Disamban 2013 kafin a ba shi nasa shirin.

A labarin, gudun Barry yana kai shi ga keta zamani. A ƙarshen zango na biyu, a 2016, ya koma daren da aka kashe mahaifiyarsa Nora ya cece ta, sai duniya ta juye. Wannan shi ne Flashpoint, sunan da aka ɗauko daga littafin zane na kamfanin DC na 2011. Masu kallo sun shafe watanni suna ɗokin ganin sabuwar duniyar, amma kashi ɗaya kacal aka yi a cikinta, Barry ya sake komawa ya warware abin da ya yi. Da yawa sun ce an yi musu rowa.

Gyaran ma bai mai da komai yadda yake ba. Dante, ɗan'uwan Cisco abokin Barry, ya mutu. Caitlin, abokiyar aikinsu, ta wayi gari da ƙarfin daskarar da abubuwa. A can shirin Arrow kuwa, Sara, jaririyar John Diggle, ɗaya daga cikin jaruman shirin, ta zama ɗa namiji. Nan ra'ayi ya rabu: wasu sun yaba cewa taɓa zamani yana da hukunci, wasu kuma sun ji haushin a ce gangancin mutum ɗaya ya shafe yarinyar da suka san haihuwarta. Babban ƙorafin shi ne, in ana iya soke mutuwa da kuskure a kowane lokaci, babu abin da zai ƙara tsorata mai kallo.

Baƙin jarumai sun fi samun karɓuwa, musamman tsofaffin fuskoki. John Wesley Shipp, wanda ya fito a matsayin Flash a shirin 1990, shi aka ba matsayin mahaifin Barry. Mark Hamill ya dawo a 2015 a matsayin mugun nan Trickster, kamar yadda ya yi a tsohon shirin. Matt Ryan kuwa, bayan tashar NBC ta dakatar da shirinsa na Constantine, ya baƙunci Arrow a 2015, daga baya ya samu wurin zama a Legends of Tomorrow.

Taron baƙi mafi girma shi ne Crisis on Infinite Earths, kashi biyar da aka nuna tsakanin Disamban 2019 da Janairun 2020. An ga Burt Ward, Robin na shirin Batman na 1966, da Brandon Routh cikin kayan Superman, da Ezra Miller, Flash na finafinan silima a lokacin, wanda aka ɓoye zuwansa har ranar nunawa. A wannan labarin ne aka dawo da Sara, abin da ya faranta ran masu kallon Arrow.

Duk da haka, ba a rasa gunaguni ba. Tom Welling na Smallville ya fito na ƴan mintuna a matsayin Clark Kent wanda ya ajiye ƙarfinsa ya koma gona. Wasu sun ce ƙarshen ya dace da shi, wasu sun so ganinsa cikin rigar Superman. Kevin Conroy, wanda ya fara yin muryar Batman a 1992, an nuna shi a matsayin Bruce Wayne, wato Batman, mai kisa, abin da ya ɓata wa wasu masoyansa rai. A duka dabarun biyu ma'aunin masu kallo ɗaya ne: suna maraba da sauyi da baƙo matuƙar labarin ya mutunta abin da suka shafe shekaru suna bi.