GWANAYEN BABUR MASU JUYAWA A KAN TAYA GUDA

A ƙasashen Turai akwai wani wasan babur wanda ba gudu ake yi a cikinsa ba. Turawa na kiransa Tirayal, watau gwajin gwaninta. Ana shata hanya ƙunci a cikin duwatsu da kwazazzabai, a ce wa mahayi ya bi ta ya fita ba tare da ya dafa ƙasa da ƙafa ba. In ya dafa sau ɗaya a rubuta masa laifi 1, sau biyu 2, fiye da haka 3. In ya faɗi ko ya fita daga hanya, 5 ke nan. Wanda laifinsa ya fi kaɗan shi ya ci.

Wasan ya samo asali ne daga Birtaniya. Tun 1909 aka fara babbar gasarsa a Sikotilan, wadda ake kwana shida ana yi. A 1965 Sammy Miller, mutumin Ailan ta Arewa, ya cinye ta da babur marar nauyi na kamfanin Bultaco na Sifen, daga nan kuwa manyan baburan Ingila suka fara ja da baya. An soma gasar duniya a 1975, Martin Lampkin ya zama zakara. Ɗansa Dougie ya ci sau 7 a jere, daga 1997 zuwa 2003.

Baburin wasan bai wuce kilo 70 da 'yan kai ba, ba shi da wurin zama, a tsaye ake tuƙa shi. Ana rage iskar tayoyinsa ƙwarai domin su kama dutse.

To, sau da yawa hanya takan yi kwanar da ta fi ƙarfin kan babur, ko da an murɗa shi har ƙarshe. A nan ne gwani ke ɗaga tayar gaba, ya juya a kan ta baya, ya sauke ta inda yake so. Ga ido abin kamar siddabaru, amma koyonsa daki-daki ne.

Da fari mai koyo yakan yi kwanaki yana zagaye a fili a giya ta ɗaya, kan babur a murɗe, nauyinsa a kan matakin ƙafa na waje, har ya saba da tafiyar hawainiya. Sa'an nan ya koyi ɗagawa a miƙe. Ba da ƙarfin hannu ake fizgo babur ba. Gwiwa zai lanƙwasa ya danne shokozoba, lokacin da take dawowa ya ɗan murɗa totur ya saki kuloci, jikinsa ya yi baya. Ƙafar dama kuwa ba ta barin kan burkin baya, domin da zarar babur ya nemi kifewa ta baya, taɓa burkin nan ne kaɗai ke mai da shi ƙasa.

Bayan haka ne ake haɗa biyun. Mahayi ya fara shiga kwana tukuna, ya dubi wurin da yake nufi, kafaɗunsa su bi idonsa, sa'an nan ya ɗaga. Wanda ya ɗaga kafin ya karkata, miƙewa babur zai yi. Wanda ya zura wa taya ido, ƙafarsa za ta sauka. Ana farawa da taƙi guda, a ɗan hawa marar tsauri, hagu da dama duka, kullum ana ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyakar abin da haƙuri ke kaiwa an gan shi a 2016, sa'ad da Dougie Lampkin ya zagaye hanyar tseren tsibirin Man, wajen kilomita 60, a kan tayar baya.

Amma fa lalle samarinmu masu neman abinci da babur a nan Kudu su lura. Turawan nan a filin da aka keɓe suke yi, da hular kwano da takalmi mai tsawo, da abokin da ke tsaye kusa. Baburin haya an ƙera shi ne don ɗaukar mutum da kaya, kwalta kuma ba ta da tausayi. Abin ɗauka daga gare su shi ne iya tafiya a hankali, da kallon gaba, da sanin burki.