Yadda ake faɗin damuwa da fargaba da Faransanci a kan hanyar Nijar

Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Dambatta ya nufi Damagaram ta Kazaure da Daura da Kwangwalam ba ya buƙatar tafinta a kasuwa, domin Hausa ta wadatar. Hasali ma, a 2025 gwamnatin sojan Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Sai dai har yanzu da Faransanci ake cike takardun duwan da na asibiti, kuma a gaban jami'i kalma guda kan iya ɓata al'amari.

Wanda hankalinsa bai kwanta ba cewa zai yi "je suis inquiet", wato ina cikin damuwa. Mace kuwa "je suis inquiète" za ta ce, ta fito da harafin "t" na ƙarshe, wanda namiji yake haɗiyewa. Idan an tsare mota, kaya suna kwana a rana, sai ya ce "je m'inquiète pour ma marchandise", ma'ana kayana ne suke damuna. Tsoro na gaske shi ne "j'ai peur", kuma ya fi damuwa nauyi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin "nerveux" da "énervé". Sun yi kama a kunne, amma ta farko tana nufin wanda jikinsa ke ɓari saboda fargaba, ta biyu kuwa wanda ransa ya ɓaci. Direban da ya ce wa jandarma "je suis énervé" da nufin neman sassauci ya shaida masa ne cewa ya fusata, kuma da wuya a sallame shi da wuri. Ita kanta "nerveux" ɗin takan ɗauki ma'anar mai saurin hasala, don haka "inquiet" ta fi aminci.

Ma'aikacin gwamnati da gabansa ke faɗuwa kafin jawabi a taro a Yamai yana da tasa kalmar: "j'ai le trac".

Amsar da ake fatan ji ita ce "ne vous inquiétez pas", wato kada ka damu. Matasa sukan taƙaita ta zuwa "t'inquiète", amma wannan maganar abokai ce. Jami'i da dattijo da "vous" ake yi musu magana.