Jikata da Sinanci: abin da na gani a wata makarantar gwamnati a Amurka

Shekara goma sha bakwai ke nan ina zuwa Guangzhou sarin kayan babur, amma har yau Sinancin da na iya bai wuce gaisuwa da "nawa ne" da "ya yi tsada" ba. Sauran cinikin da kalkuleta muke yin sa: ya danna, in girgiza kai, in danna, ya yi dariya. Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Xiaobei ya san wannan. Wata shekara na ɗauki tafinta, yaro mai ladabi, sai da kwantenata ta iso Kwatano na gane ashe baki biyu yake ci, ina biyan sa, masu kamfani ma suna ba shi la'ada a kan kowane katan. Kuɗin da na yi asara bai ƙona min rai kamar tuna cewa a gabana aka shirya komai ba, ina zaune ina shan shayinsu ina murmushi.

Shi ya sa a farkon 2020, da 'yata da ke aure a wata jiha ta arewacin Amurka ta kira ni ta ce akwai makarantar gwamnati kusa da su da ake koyar da yara da Sinanci, kyauta, ban bar ta ta ƙarasa ba. Na ce, "Ki sa sunan yarinyar nan yau, kada ki kai gobe." Mijinta ya so ya ja, na sa baki, ya yi shiru saboda kunyar suruki. Ku riƙe wannan, don zai dawo kaina.

Bari in yi bayanin tsarin, don ya bambanta da abin da muka sani. Ba darasin Sinanci ake ba yaro sau biyu a mako ba, irin yadda ake yi wa Faransanci a makarantun Najeriya. Tsoma shi ake yi cikin harshen. Malama ta shigo aji, daga sallama har tashi ba za ta furta kalmar Turanci ko ɗaya ba, da Sinanci za ta koyar da lissafi da kimiyya, da shi za ta yi faɗa, da shi za ta lallashi mai kuka. Salon ya samo asali ne daga Kanada, a garin Saint-Lambert, a 1965, inda iyaye masu jin Turanci suka nemi a koyar da 'ya'yansu da Faransanci. Na Sinanci a Amurka ya fara da wata makaranta mai zaman kanta a San Francisco a 1981. Jihar Utah ce ta mayar da abin doka a 2008, ta raba yini biyu: rabi da malamin Turanci, rabi da malamin ɗaya harshen. Makarantar jikata ma haka take, malamai biyu, aji biyu, ana musanya yara bayan abincin rana. Wasu makarantun sun fi haka tsanani, kusan yini duka da Sinanci ne a shekarun farko.

Gurbin da ƙuri'a ake samun sa, saboda masu nema sun fi kujeru yawa. Kuma ƙofar shiga a ƙasa take, rabin aji ko aji ɗaya. Yaron da ya wuce nan ba a cika karɓar sa ba sai ya ci jarrabawar harshen, wanda kuma aka cire, dawowarsa da wuya.

Ƙuri'a ta faɗo kan jikata. Sai dai shekarar korona ce. Yarinya 'yar shekara biyar, maimakon ta zauna gaban malama tana kallon bakinta, sai ga ta a gaban kwamfuta a falo, wata baiwar Allah na magana da harshen da babu mai jin sa a gidan. Uwar Hausa da Faransanci ta iya, Turancinta na kasuwa ne. Uban yana tuƙin babbar mota, sai ya yi kwana huɗu bai kwana gida ba.

A kakar 2023 na je sunan ƙaninta, na yi wata biyu. Tana aji uku. Daren farko, bayan an gama murna, surukina ya zauna nesa da ni kaɗan ya ce, "Baba, akwai maganar da nake so in kawo maka. Ina ganin za mu cire ta." Ya miƙo min takarda daga makaranta, 'yata ta fassara: yarinya tana baya a karatun Turanci, tana baya a lissafi. A Amurka daga aji uku ake fara jarrabawar jiha ta karatu da lissafi, kuma da Turanci ake yin ta. Ita kuwa lissafinta da Sinanci ta koya. Ya ce, "Harshe huɗu muka ɗora mata, Baba. Hausa a gida, Larabci ranar Asabar da Lahadi a Islamiyya, Turanci, ga wannan. Ko jaki aka yi wa haka zai kwanta." Bai ce laifina ba ne. Ba sai ya faɗa ba.

Na roƙe shi ya ba ni wata ɗaya. Kullum da yamma nakan zauna kusa da ita idan tana aikin gida, ina tsokanar ta da amaryata, tana cewa ita ba ta son tsoho mai furfura. A nan na fara gane inda gizo ke saƙar. Bakinta lafiya lau. Sinanci yana da karin murya huɗu, "ma" ɗaya tak tana iya zama uwa ko doki ko zagi, gwargwadon yadda ka ɗaga murya ko ka sauke. Turawa nan suke shan wahala. Mu kuwa da shi aka haife mu: kukan yaro daban, kukar miya daban, wuyan riga daban, wuyar sha'ani daban. Malamarta da kanta ta ce kunnen yarinyar yana da kaifi. Ƙidaya ma ba ta ba ta wahala ba, don sha ɗaya a wurinsu "goma ɗaya" ce, ashirin "biyu goma", kamar yadda kakanninmu ke cewa gomiya biyu kafin mu ari ishirin daga Larabawa.

Rubutun ne dutsen. Babu baƙaƙe da wasula da za ka haɗa ka tashi kalma. Kowace alama sai an haddace ta, siffarta da lafazinta da ma'anarta, har da tsarin zanen, wane layi ake fara ja, wanne ake ƙarewa da shi. A ƙasar Sin ana sa ran yaro ya san alamomi wajen 3,000 kafin ya gama firamare, kuma shi yana ganin su a bango da talabijin da kwalin madara. Jikata daga ta fito aji ba ta sake ganin ko ɗaya sai gobe. Idan aka rubuta mata 7 × 8 nan take za ta ba ka amsa. Idan aka saka tambayar cikin labari, alama biyu da ba ta gane ba sun isa su rushe komai. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana ƙiyasta wa jami'anta awa 2,200 kafin su iya Sinanci, Hausa kuwa kusan rabin haka. Manya ke nan, waɗanda aikinsu ke nan daga safe zuwa yamma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ashe akwai taimako, ba mu sani ba. Makarantun gwamnati a can ba a hannun ma'aikata ɗaya suke ba. An raba su gunduma-gunduma, sama da 13,000 a faɗin ƙasar, kowace da hukumarta, akasari mutanen gari ne ke zaɓen ta, kuma yawancin kuɗinta daga harajin gidaje da baitulmalin jiha suke fitowa. Bayan korona gwamnatin tarayya ta zuba wa makarantu kusan dala biliyan 190 don a cike giɓin da yara suka samu, gundumomi da yawa suka sa wani kaso a lesin kyauta. Ba irin lesin ɗinmu na yara talatin a zaure ba. Yara uku ko huɗu ne da malami ɗaya, sau uku a mako ko fiye, kuma yana bin abin da ake yi a aji. Tasu gundumar ta aiko da sanarwa tun farkon zango, ta imel, da Turanci, cikin tarin saƙonnin da 'yata ba ta buɗewa.

Wata maƙwabciyarsu 'yar Somaliya ce ta ankarar da mu cewa iyayen da ba su jin Turanci sosai suna da haƙƙin a kawo musu tafinta kyauta. Na bincika, gaskiya ne, kuma tushen irin wannan haƙƙi ya ba ni mamaki. Iyayen yara 'yan asalin Sin ne a San Francisco suka kai ƙara cewa 'ya'yansu wajen 1,800 na zaune a aji ba su jin abin da ake faɗa, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 1974. Ka ga ikon Allah, ƙofar da Sinawa suka buɗe don koyon Turanci, ta nan Bamaraɗiya ta bi don 'yarta ta koyi Sinanci.

Muka nemi zama, aka haɗa mu da tafintan Faransanci ta waya. Na sa babbar rigata na bi su. Aka ce lesin ɗin karatun Turanci akwai gurbi, ta fara ranar Litinin. Na lissafi ma akwai, amma da Turanci. Na Sinanci fa? Matar ta duba kwamfuta ta ce mutum ɗaya ke gare su a duk gundumar, jerin masu jira kuma ya yi tsawo. A nan na ga gurguwar shawara. Kun buɗe makarantar da rabin yininta da Sinanci ne, amma in yaro ya yi tuntuɓe a wannan rabin, babu mai ɗaga shi. Iyayen da ke da hali suna biyan malami ta intanet daga aljihunsu, wasu ma iyayen Sinawa ne, a gida ake ƙarasa musu. Ɗan direba sai ya jira layi.

Na tambayi malamar Turancin, ta bakin tafinta, ko Sinancin ne ya danne Turancin yarinyar. Ta ce a shekarun farko ana ganin irin wannan jinkiri, yawanci kuma yana wucewa. Daga baya na samu abin da ke mara mata baya. A birnin Portland masu bincike na cibiyar RAND sun bi sawun yaran da ƙuri'a ta ba su gurbi a irin waɗannan azuzuwa da waɗanda ba ta ba su ba, suka buga sakamakon a 2017. Waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu a karatun Turanci da kimanin wata bakwai a aji biyar, wata tara a aji takwas, a lissafi da kimiyya kuma ba a ga sun yi baya ba. Na karanta wa surukina. Ya ce, "Baba, wannan lissafin yara dubbai ne. Ni guda ɗaya gare ni a ajin." Ban da amsa, don gaskiya ya faɗa.

Abin da ya cece mu bai fito daga ofis ba. Malamar Sinancin ta haɗa mu da wata ɗaliba ta babbar sakandare wadda ita ma ta bi wannan tsarin tun tana ƙarama, tana neman awannin aikin sa kai. Ranar Talata da Alhamis sukan haɗu a laburaren unguwa, minti arba'in. Sau biyu na raka ta. Yarinyar nan ba ta yi wani abin mamaki ba, ta dai nuna mata cewa alamomin ba zane ba ne kawai, gaɓoɓi gare su. Ɗigo uku a gefen hagu, to maganar ruwa ce: kogi, teku, wanka. Ƙaramin akwati, baki ne: ci, sha, kira. Jikata ta dawo gida tana farautar "ruwa" a jikin duk kwalin da na zo da shi. Uwar kuma, wadda ba ta iya karanta ko alama ɗaya, ta koma abin da ta sani daga makarantar allo: a rubuta, a karanta da ƙarfi, a goge, a sake. Alama biyar kowane dare bayan sallar isha'i, a kan ƙaramin farin allo.

Surukina ya yarda a bar ta zuwa ƙarshen shekara. Jarrabawar jiha ta zo, ta haye lissafi, karatun Turanci ya rage mata kaɗan. Ya ƙara mata shekara. Amma kada in yi muku daɗin baki. Wa'adin kuɗin tarayyar nan ya ƙare a watan Satumba na 2024, lesin ɗin sau uku ya koma sau ɗaya, ɗalibar sa kai ta tafi jami'a. Yanzu wani malami suke biya ta intanet, rabin kuɗin daga shagona yake fita, tunda ni na ɗora kayan.

Ga masu 'ya'ya ko jikoki a can da ke tunanin wannan hanya, kafin ku sa hannu ku tambayi makarantar da wane harshe ake lissafi, kuma in yaro ya yi baya a ɓangaren Sinanci wa zai taimake shi, sau nawa a mako, da kuɗin wa. Ku nemi tafinta, ba alfarma ba ce. Mu da ke nan kuwa, akwai cibiyoyin Confucius a jami'o'in Legas da Awka da Legon da Yawunde, amma waɗannan darasi ne na manya da matasa, ba tsoma yaro tun yana rabin aji ba. Su Sinawan tun 1963 rediyonsu ke magana da Hausa, kuma suna koyar da ita a jami'ar harsunan waje ta Beijing. Sun daɗe da shirya nasu tafintocin.

Akwai abin da ban hango ba, wanda yanzu ya fi damuna. Hausarta ce ke zubewa. Tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa, sai uwar ta zare ido. Cikin harsunan huɗu, namu ne kaɗai ba shi da malami, ba shi da jarrabawa.

Watan jiya wani mai kamfani ya turo min saƙon murya ta WeChat, na tura mata. Ta saurara sau uku ta ce, "Kaka, yana sauri, kuma ban san sunayen ƙarafan nan ba. Amma ya ce ranar goma sha biyar, kuma ya ce kuɗi bai cika ba." Na duba littafina, lallai akwai ragowar da ban tura ba. Na ce to nawa ne kuɗin tafinta? Ta ce dala biyar. Na ce in ta sake faɗa min duka da Hausa, ba tare da ta sa Turanci ba, zan ba ta goma. Ta ce in ba ta zuwa Juma'a.