Amarya Mai Gemu a Gidan Teku

Kwaɗon ƙofa ne ya fara faɗa mini gaskiya. Sabo fil na sayo shi a kasuwar Nima kwana biyu kafin mu taso, irin mai nauyin nan da mai shago ke rantsuwa ko ɓarawo ya zo da guduma sai ya koma da kunya. Wata uku da tarewarmu a wannan ƙauyen masunta da ke yamma da Elmina, na dawo daga sallar asuba na zura makulli, ya ƙi juyawa. Na ɗiga masa manja, na ƙwanƙwasa shi da dutse. Da ƙyar ya buɗe, sai wani jan gari ya zubo mini a tafin hannu kamar dakakken barkono. Tsatsa ce. Babu wanda ya taɓa shi, iskar teku mai gishiri ce ta cinye shi ta ciki.

Maiɗakina tana tsugune tana fifita gawayi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, kayan ɗakin amarya aka fara taɓawa. Saura amaryar."

Na ɗauka tsokana ce irin tata. Sai daga baya na gane ta fi ni sanin abin da nake ciki, don ita ta taɓa yi. Tana yarinya aka kawo ta gidanmu na gado a Nima, gida mai ɗakuna birjik da famfo ɗaya, inda mahaifiyata ke rataye da makullin ɗakin ajiya a bakin zane. Ni kuwa a gidan aka yanke mini cibiya, a cikinsa na yi furfura. Namiji Bahaushe yakan mutu bai san yadda ake kwana a gidan da ba shi ya san inda ake ajiye tsintsiya ba. Da aka yi rabon gado aka sayar da gidan, masu gidajen haya a Ankara suka ce sai kuɗin shekara 2 a dunƙule, ko da yake doka wata 6 ta ce. Na lissafa ɗan abin da ya rage mini, na ga a bakin teku ne kawai zai ishe ni ɗaki biyu da tsakar gida. Haka aka ɗauko ni, da gemuna da carbina, aka kai ni ɗakin miji.

Makonnin farko amarci ne sosai. Amarya ba ta laifi, ko ta kashe ɗan masu gida. Yara suna rige-rigen ɗebo mana ruwa, maƙwabta suna aiko kifi a kwano, kowa na kirana Papa Kramo, wato baba Musulmi a bakin Fante. Ni kuma in shimfiɗa tabarma a gindin kwakwa ina kallon ruwa kamar an kunna mini talabijin, ina ɗaukar hoto ina aika wa abokai a Maamobi don su ji haushi. Na zaci hutu na zo.

Gidan yana da mai shi, kuma ba basaraken ƙauyen ba ne. Teku ce uwar miji. Da dare na fara saninta. A Nima kunnena ya saba da yaran mota masu kiran "Circle, Circle", da injin niƙa, da ladanai goma suna kiran salla ɗaya, har nakan ce da zan sami shiru da na ƙara shekara goma a duniya. To a nan babu shirun. Igiyar ruwa tana dukan gaɓa dare da rana, ba ta da Juma'a ba ta da Lahadi. Hayaniyar birni takan lafa wajen ƙarfe biyun dare. Wannan kuwa kamar gyaran muryar tsohuwa ce daga ɗakinta: ba da kai take ba, amma tana so ka san tana nan.

Kuma ita ke tsara yini. Sau biyu take cikowa, sau biyu take janyewa, kullum kuma tana jinkirta zuwanta da kusan minti 50 a kan na jiya, don wata take bi ba rana ba. Wannan kam ya yi mini daɗi, ni da na tashi cikin masu duban jinjirin wata. Na tarar masuntan nan, waɗanda yawancinsu coci suke zuwa, sun fi wasu limamanmu sanin kwanan wata. Sun san a farin wata kifi ba ya shiga taru sosai, a duhun wata ake samu, sun kuma san a tsayuwar wata da cikarsa ruwa ya fi haurowa. In ka tambayi mutum yaushe jirage za su dawo, sai ya dubi ruwa, ya dubi sama, ya ce in an jima. Na sha duba agogon hannuna ina tsaki, har na lura ni kaɗai ke sanye da agogo a bakin ruwan, shi ma fatarsa ta fara furfurar gansakuka.

Ranar da na fi jin kunya wata Talata ce. Abokaina biyu suka ce za su zo daga Ankara, na cika baki na ce su zo da yunwarsu, za su ci kifin da ya kwana a teku. Da sassafe na ɗauki roba na gangara. Kwale-kwale duk suna kan yashi a jere, manya-manya, kowanne an fafe shi daga gungumen wawa guda, an rubuta masa ayar Baibul ko sunan ƙungiyar ƙwallo a gefe. Maza na zaune a inuwa suna ɗinkin taru da yatsun ƙafa riƙe da zare. Wani dattijo da ke jin 'yar Hausa, don ya yi zaman Kumasi, ya dube ni ya dubi robar.

"Papa Kramo, yau wace rana?"

Na ce Talata.

"To ina za ka da kwano?"

Ba a shiga teku ranar Talata. Haka yake a yawancin gaɓar Fante da ta Ga, tun kaka da kakanni. Suna da bayaninsu game da abin da ke cikin ruwan da ke son a bar masa ranarsa, bayanin da ni a addinina ba na ɗauka. Amma amaryar kirki ba ta tsayawa musu a kan me ya sa ba a daka da dare a gidan nan. Ta dai ajiye taɓarya. Kuma da na zauna na duba, gidan da maza ke kwana kan ruwa kwana shida yana bukatar rana guda ta ɗinkin taru, da sulhun rigima, da biyan bashi. Baƙina dai gwangwanin sadin suka ci da dokunu, a bakin teku, suna yi mini dariya har yau.

Abin da ya fi kama da gidanmu na da shi ne awo. Mahaifiyata takan buɗe ɗakin ajiya da safe ta auna wa mai girki abin da ta ga dama, babu mai cewa ƙara. Haka teku take. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yakan taso daga ƙasa ya kawo abincin kifi, sai ƙananan kifin nan da ake kira amane su cika gaɓa. Lokacin nan garin yakan yi sanyi har ka nemi bargo a watan Agusta, hayaƙi kuma ya rufe ko'ina. Maƙwabciyata, wadda kowa ke ce wa Maame, tana da murhun banda irin wanda ake kira Chorkor, sunan unguwar Ankara da ya fara yaɗuwa a cikinta bayan an ƙirƙiro shi a 1969. Gini ne na laka mai baki biyu, a kansa ana jera faifan katako masu ragar waya, ɗaya bisa ɗaya har su kai ƙirji. Tana jera kifin kai da wutsiya kamar mai jeren kwalla, ta sauke na ƙasa ta mai da shi sama, idonta na hawaye, bakinta na lissafi. Kifin nan shi ne wanda na yi shekaru ina ci a miyar kuka a Nima ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

A nan na yi kuskure na biyu. Maza ke kamo kifi, amma kuɗin a hannun mata yake. Su ke ba da kuɗin man injin kafin a fita, kuma shugabarsu ce ke yanke farashin safiya in jirgin farko ya sauka. Ni kuwa na zo da cinikin birni. Wata ta faɗi kuɗi, na raba biyu, ta ce albarka, na juya na yi tafiyata a hankali ina jiran a kira ni. Har na kai gindin kwakwa babu wadda ta kira. Washegari Maame ta leƙo ta katanga, ta gaishe da maiɗakina, sannan ta ce a faɗa wa Papa wadda ya yi wa tayin wulaƙanci jiya ƙanwar mijinta ce, kuma ita ce ta aiko mana da kifi ranar da muka tare. A birni kana ciniki da wanda ba za ka sake gani ba. A nan duk wanda ka taya wa kaya, gobe tare za ku zauna a gidan makoki.

Sai dai rumbun tsohuwar ya fara yin ƙasa, kuma kowa a gidan ya sani. Dattijon nan ya ce a ƙuruciyarsa akan bar kifi a yashi don an rasa mai ɗauka. Yanzu jirgi yakan ƙone mai ya dawo da abin da bai cika bahon wanka ba. Suna zargin manyan jiragen da ke share ƙasan teku, waɗanda suka daɗe suna daskarar da ƙananan kifi suna sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar ruwa, cinikin da ake kira saiko. In ka matsa musu kuma sukan yarda cewa su ma a cikinsu akwai masu kunna fitila da janareta don jawo kifi, alhali an hana. A 2019 gwamnati ta fara rufe wa masu kwale-kwale teku na wata guda don kifi ya hayayyafa. Samari da yawa sun bi ruwa zuwa Abijan da Laberiya. Wani yaro da ke ɗebo mana ruwa ya taɓa tambayata a asirce nawa ne hayar ɗaki a Nima. Na rasa abin da zan ce masa.

Juma'a nakan shiga Elmina, in yi salla a zango. Garin da Turawan Fotugal suka gina wa ganuwa a 1482, ya koma hannun mutanen Holan a 1637, sannan Ingilishi a 1872, su kuma suka kawo sojojin Hausawa daga Ikko. Ashe ba ni ne amaryar farko daga danginmu ba. Akwai waɗanda na tarar a can da in suna Fante ba za ka ce sun san kalmar sannu ba, sai an idar da salla ka ji Hausa ta fito.

Wata na bakwai na yi yaji. Ba wani abu aka yi mini ba, fanka ce ta tsaya, kwanon rufi ya fara yoyo, na ce na gaji. Na hau mota, muka yi awa biyu a cunkoson Kasoa, na sauka Kaneshie ina jin kamar an sake ni daga kurkuku. Ba zan yi ƙarya in ce na yi kewar teku ba. Na ci wake da shinkafa a ganye, na sha kokon da ya amsa sunansa, na yi barci kamar gawa. Amma a majalisarmu ta bakin masallaci sai aka tashi wani yaro aka ba ni kujerar roba, wadda ake ba baƙo, benci kuwa wurin zamana wani ya gaje shi. Hira ta yi nisa a kan mutanen da ban sani ba. Wani abokina ya sunsuni babbar rigata ya ce, "Alhaji, banda aka yi da kai?" Kwana huɗu na yi na ce bari in je in duba Hajiya. Babu wanda ya zo biko.

Yanzu ƙofarmu sakatar katako gare ta. Wata Litinin da hantsi ina gindin kwakwa aka fara jan taru daga gaɓa, layi biyu na mutane riƙe da igiya, ana waƙa ana ja da baya taku ɗaya-ɗaya. Na naɗe ƙafar wando na kama wutsiyar igiyar. Ta fi yadda nake zato kauri, jiƙaƙƙiya, tana cin tafin hannu, kuma ana ja ne tare da igiyar ruwa: in ta turo a ja, in ta koma a dafe. Ni ina ja lokacin da ake dafewa. Dattijon ya juyo ya daka mini tsawa da Fante, tsawa ta gaske, babu Papa babu Kramo, yara suka fashe da dariya. Da tarun ya fito aka ware na masu jirgi, aka watsa wa masu ja nasu. Aka jefa mini biyar a gaban rigata.

Na kai gida na zube su a faranti, hannuna duk ya yi kanta. Na ba ta labarin tsawar ina jiran ta taya ni fushi. Ta juya kifin ɗaya bayan ɗaya tana duba idonsu.

Ta ce, "Har an fara yi maka faɗa? To an ba ka girki ke nan." Ta ware uku ta tura mini biyu. "Miƙa wa Maame waɗannan ta sa mana a wuta. Gobe Talata."